'Yata ta ce waƙar Turanci ta fi ƙarfinta, babanta ya ce ta ajiye

Assalamu alaikum, Malama. Ina rubuto miki daga Kolombus, jihar Ohayo a Amurka, inda muke zaune shekara 11 ke nan. 'Yar farina shekararta 17, a watan Agusta za ta shiga aji na 12, ajin ƙarshe na sakandare. Yarinya ce mai ƙoƙari, musamman a lissafi da kimiyya. Malamarta ta Turanci ta ba da shawarar a saka ta a ajin adabi na masu hazaƙa, wanda suke kira AP, muka yi ta murna. Ranar da aka ba da dogon hutu sai ta dawo da ƙunshin takardu: waƙoƙin Turanci 20, ta zaɓi 10 ta yi musu sharhi a gefen takarda, sannan ta rubuta maƙala a kan guda ɗaya, a kai ranar da aka koma. Sati biyu ke nan tana buɗewa tana rufewa. Shekaranjiya na same ta tana kuka, wai ta karanta waƙa ɗaya sau biyar ba ta ga "ɓoyayyiyar ma'anar" ba, ƙawayenta kuma duk ChatGPT suke ba aikin. Babansu ya ce ta fita daga ajin, likita za ta zama, waƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Shi mutum ne mai tashi kafin asuba ya fita da mota, har ranar Lahadi, ko ana zuba ƙanƙara, ba ya son ya ga ana kashe lokaci a abin da ba ya kawo abinci. Ni kuma karatuna a sakandare ya tsaya a Katsina, Turancina na wurin aiki ne da kanti. Mai koyarwa a gida da na tambaya kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Ga shi a Yuli za mu je gida biki, sati biyar. In bar ta ta fita? In ba haka ba, ta ina zan taimake ta?

Wata uwa daga Ohayo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya sa albarka a karatunta. Na lura har kika kai ƙarshen wasiƙar ba ki kama sunanta ba, na ce lallai shekara 11 a ƙasar ƙanƙara ba ta wanke miki kunyar 'yar fari ba.

Bari in fara da abin da kika fi matsuwa ki ji. Kada ta fita daga ajin yanzu, kuma kada ki ci bashi saboda mai koyarwa. Abin da ya sa ta kuka yana cikin kalmomi biyun nan da kika kawo daga bakinta, "ɓoyayyiyar ma'ana". Wani ya sa mata a rai cewa mawaƙi yana binne wani abu ne a ƙarƙashin baitoci, kamar yadda tsohuwa ke binne kuɗi a gindin randa, aikin ɗalibi kuma tono. Ga ta 'yar lissafi, ta saba kowace tambaya tana da amsa ɗaya, in ka same ta ka ja mata layi biyu. Ta karanta sau biyar tana jiran amsar ta faɗo, ba ta faɗo ba, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ce ba ta da kai.

Ni ma da wannan tunanin na tashi. A makarantar kwanan da na yi, malaminmu na adabin Turanci yakan shigo ya rubuta sunan waƙa a allo, ya rubuta jigonta a ƙasa, ya jera mana adon harshe huɗu ko biyar, mu kwafe mu hardace. Mun ci jarrabawa, ban musa ba. Amma ranar da na fara koyarwa, aka miƙo mini waƙar da babu ita a tsohon littafina, na tsaya gaban yara arba'in da wani abu ina share gumi. Ranar na gane shekara da shekaru bayanin malam nake karantawa, waƙar kanta ban taɓa zama da ita ba. Ajin da 'yarki za ta shiga an gina shi ne a kan wannan halin da na shiga: ga waƙar da ba ki taɓa gani ba, ga agogo yana tafiya, babu malam a kusa.

Wata hukuma mai suna College Board ce ke shirya darussan AP, darussa ne masu nauyin shekarar farko ta jami'a da ake koyarwa tun a sakandare. Na adabin Turanci ana zana jarrabawarsa a watan Mayu, awa uku. Awa ta farko tambayoyin canki-canka ne guda 55, su ne kashi 45 cikin ɗari na makin. Sauran awa biyun maƙala uku ake rubutawa, kowace kamar minti 40, ta farko kuwa a kan waƙar da za a ajiye mata a gaba ce a ranar. Kowace maƙala maki 6 gare ta: ɗaya na kafa matsaya, huɗu na hujja daga cikin waƙar da bayanin hujjar, ɗaya na zurfin tunani. Ki dubi rabon nan da kyau. Babu maki ko ɗaya da aka ware wa mai gano abin da ke zuciyar mawaƙi. Huɗu cikin shida na mai cewa ga abin da na gani, ga kalmar da ta sa na faɗi haka, ga yadda kalmar take aiki. Ɗalibai biyu za su iya saɓa wa juna a kan waƙa ɗaya, kowa ya tashi da maki mai kyau, matuƙar kowa ya tsaya a kan abin da ke rubuce. Ki gaya mata wannan ya fi kusa da ɗakin gwajin kimiyyar da take so fiye da yadda take zato: ka lura, ka yi hasashe, ka kawo shaida.

Gani ya kori ji, bari in nuna miki da waƙa guda. Ba zan yi mamaki ba in tana cikin ashirin ɗin, don malaman Amurka suna yawan ba da ita. Sunanta "Those Winter Sundays", wato ranakun Lahadin hunturu, ta Robert Hayden, baƙar fata haifaffen Ditiroit, garin da bai fi tafiyar awa uku da ɗoriya a mota daga naku ba. Ta fito a 1962, layi 14 ce kacal. Wani mutum ne yake tuna yarintarsa. Ubansa yakan tashi da duhu cikin tsananin sanyi, da hannayen da aikin mako ya tsattsage, ya hura wuta. Sai gida ya yi ɗumi sannan ya kira yaron. Yaron ya tashi a hankali yana tsoron fushin da ba ya rabuwa da gidan, ya yi wa uban magana ta ko-in-kula, uban da ya kori sanyi ya kuma goge masa takalminsa na fita. A ƙarshe mutumin ya tambayi kansa, har sau biyu, me ya sani a lokacin game da irin wannan ƙauna.

Kin ga babu abin da aka binne. Duk wanda ya karanta ya san maganar uba da ɗa ake yi. Aikin nazari yana farawa ne bayan an gane wannan, kuma da ƙananan abubuwa yake farawa. Kalma ta biyu a waƙar ita ce "too", wato har ma. Har ma ranar Lahadi. Da wannan 'yar kalma mawaƙin ya sanar da mu sauran kwana shidan ba tare da ya ambace su ba. Sai ta dubi baitin farko: doguwar jimla ce mai ja da nauyi, irin nauyin aikin da take bayani, sai kwatsam wata gajeriya ta biyo baya ta ce babu wanda ya taɓa gode masa. Me ya sa aka gajarta wannan? Ta karanta da ƙarfi kuma, za ta ji kalmomin da ya zaɓa wa sanyi da tsagewar hannu da ciwo suna cike da sautin k mai kaushi, kamar ana karya itace. Kalmar da ta rufe waƙar, "offices", in ta tsaya a ma'anar ofis ta yi asara. Ta buɗe ƙamus, za ta tarar tana nufin hidimar da aka ɗora wa mutum, tana kuma nufin addu'o'in da ake yi a coci a ƙayyadadden lokaci. Ke nan tashin uban da asuba ya zama kamar ibada, a waƙar da dama ranar Lahadi take magana. Sannan layi 14 shi ne tsawon sonet, tsarin da Turawa suka fi sani da waƙar soyayya. Wannan ba ta bi amsa-amon sonet ba, amma yarinya mai lura za ta iya cewa waƙar ƙauna ce da ta ƙi sa kayan ƙauna, ta kuma kare maganarta.

Akwai layin da ɗalibai suka fi tsallakewa, na fushin gidan, don yana ɓata musu labari mai daɗi na uba nagari da ɗa mai nadama. To a nan makin yake. Tambayar waƙa a wannan jarrabawa kusan kullum tana ɗauke da kalmar "complex", ma'ana abin da ya sarƙe, zuciyar da ke riƙe da abu biyu a lokaci guda. Ɗalibar da ta rubuta cewa waƙar tana nuna ƙaunar uba kuma mawaƙin ya yi amfani da siffantawa, ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ce komai ba. Wadda ta rubuta cewa mai maganar ya girma ya gane ƙaunar ubansa a hannu take ba a baki ba, sai dai ganewar ba ta goge tsoron da ya sha a gidan ba, shi ya sa waƙar ta ƙare da tambaya maimakon godiya, wannan ta kafa matsayar da za ta iya cika shafi biyu tana karewa. Duk inda 'yarki ta ci karo da layin da ya ƙi shiga labarin da ta tsara a ranta, ta zagaye shi da fensir. Ruwa ba ya tsami banza.

Amfanin dogon hutu shi ne yana ba da abin da zangon karatu ba ya bayarwa, wato damar yin abu a hankali. Waƙa 10 ce a kanta. Ta ba kowace kwana uku, minti 30 zuwa 40 a rana, kwana 30 ke nan. Ranar farko kada ta nemi ma'ana sam. Ta karanta da murya sau biyu, tana bin aya da waƙafi, ba ƙarshen layi ba. Wannan kaɗai yana warware rabin ruɗanin yara, don sukan ja birki a ƙarshen kowane layi alhali jimlar ta gangara zuwa na gaba, sai su tsinci guntayen magana marasa kai. Ta nemo kowace jimla, ta gane wa ya yi me. Duk kalmar da take shakka ta duba ƙamus, har wadda take ganin ta sani. Sai ta faɗi abin da ya faru a waƙar da maganar yau da kullum, layi uku ko huɗu, ta rufe. Rana ta biyu ta ɗauki fensir: wa ke magana, da wa yake yi, wace kalma aka maimaita, wace ce ta zo a inda ba a zata ba, kuma a ina waƙar ta juya. Rana ta uku ta rubuta sakin layi ɗaya, matsaya guda da hujja biyu. In ta ji waƙar ta ishe ta a kwana biyu, ta wuce, ba dokar soja ba ce.

Maganar juyin nan ina so in ɗan daɗe a kanta. Kusan kowace waƙa mai kyau tana da wurin da take sauya hanya: murya ta canza, ko lokaci ya tsallaka daga da zuwa yanzu, ko a bar bayani a koma tambaya. Sau da yawa akwai alama, kalma irin amma ko duk da haka, ko sabon baiti. A sonet irin na Italiya juyin yakan zo bayan layi na 8. A na Shekisfiya, marubucin Ingila wanda ya bar guda 154, yakan zo a layi na 9 ko a layuka biyun ƙarshe. Wataƙila cikin takardun da aka ba ta akwai jadawali mai suna TP-CASTT, matakai bakwai da malaman can ke son a bi. Ba laifi, keken koyon tafiya ne, in malama ta ce a cike shi ta cike. Amma in aka ce in zaɓi mataki ɗaya in zubar da shida, na neman juyi zan riƙe. Wanda ya ga inda waƙa ta juya ya riga ya sami abu biyun da zai gwama, abin da ke gabanin juyin da abin da ke bayansa, maƙala kuwa daga gwamawar take fitowa.

Kada ta kwashi gajeru na zamani kawai don sun fi sauƙi. Jarrabawar tana ɗebo waƙoƙi tun daga ƙarni na 16, saboda haka ta saka tsofaffi biyu ko uku a cikin goman. Wahalarsu yawanci ta jerin kalmomi ce, a kai aikatau ƙarshe, a kawo abin da aka yi wa aikin gaba. Ta sake jera jimlar yadda Baturen yau zai faɗe ta, sai ta ga dodon ya zama ɗan akuya. Batun kari kuma kada ya cinye mata hutu. Tamu waƙar ana auna ta da tsawon gaɓa, doguwa da gajeriya, gadon arulin Larabci. Tasu da nauyin murya ake auna ta, gaɓar da aka danna da wadda aka sassauta, kuma karin da ya fi yawa a tsofaffin waƙoƙinsu gaɓa goma ne a layi, sassauƙa sannan dannanniya, sau biyar. Ta san wannan ya isa, sauran kuwa malama za ta koyar. Hardace sunayen adon harshe hamsin ma ba shi ne ba. Mai duba takarda ba ya ba da maki don an kira sunan abu, sai an ce me ya yi a wurin.

Yanzu ke. Kin ce Turancinki na wurin aiki ne, kamar wannan ya fitar da ke daga maganar. Ke da kika tashi a Katsina, kin taɓa zama a tsakar gida wata tana daka tana yi wa tsohuwar tukunya waƙa, wai ta sha wuta har ta daina jin zafi, kishiyarta kuma tana gefe tana tankaɗe kamar ba ta ji ba? Kowa a gidan ya san ba da tukunya ake ba. Ta yaya kuka sani? Daga lokacin da ta zaɓa, da inda ta ɗaga murya, da kalmar da ta maimaita sau uku, da wanda ta ƙi kallo. Wannan kunnen na gane habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda, shi ne abin da ajin nan ke ƙoƙarin dasa wa yara a wata tara. Kuma ba mu rasa ilimin a rubuce ba. Masananmu suna da jigo da warwarar jigo, da zubi da tsari, da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero feɗe waƙa ya kira aikin, kuma ban san sunan da ya fi wannan dacewa ba, don mai fiɗa bin gaɓa yake yi, ba ya sara a inda ya ga dama.

Ga aikinki, minti goma ne, kuna kicin ma ya yi. Ta ba ki labarin waƙar ranar da Hausa, ko da Hausar tata ta gauraya. Ke kuma ki yi mata tambayar da uwa ta iya: wa ya faɗi haka? Da wa yake? Yana nufin abin da ya faɗa ko baƙar magana ce? Duk amsar da ta bayar ki ce mata, ta yaya kika sani, nuna mini wurin. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce maki huɗun nan, kuma ba ta bukatar ki san Turanci. Akwai wata riba kuma da ƙawayenta masu harshe ɗaya ba su da ita. In tana mayar miki da waƙar zuwa Hausa za ta kai wurin da za ta tsaya ta ce, Mama, wannan kalmar ba ta fassaruwa, tana nufin kaza kuma tana nufin kaza. Ki ce ta yi maza ta rubuta, ta taka wurin da mawaƙin ya yi aiki.

Batun ChatGPT ba zan yi wa'azi ba, lissafi zan yi mata tunda shi take ji. Tun Mayun 2025 a kwamfuta ake zana wannan jarrabawa, cikin wata manhaja mai suna Bluebook da ke kulle na'urar, babu fita neman taimako. Malamai da yawa kuma sukan sa a rubuta maƙala a cikin aji a makon farko, su ajiye ta kusa da aikin hutu. In muryoyin biyu ba su yi kama ba, malama ta gane, kuma wannan ce shekarar da 'yarki za ta bukaci malamai su rubuta mata takardar shaida zuwa jami'o'i, wasu tun farkon Nuwamba suke rufe karɓa. Sharhi mai rauni da ya fito daga kanta malama za ta gyara shi ta gina a kai, don dama abin da take son gani ke nan, inda kowane yaro ya tsaya. Intanet tana da amfaninta: a shafin Poetry Foundation za ta sami dubban waƙoƙi kyauta, wasu har da murya, ta ji yadda ake karanta su. Sharaɗin kawai, sai ta gama rubuta nata kafin ta leƙa abin da wani ya ce. Kai yana da ragwanci, in ya fara cin karo da bayanin wani, ba ya ƙara ganin komai sai shi.

Tafiyar gida ba matsala ba ce, in an shirya. Abin da suke kira bazara can, damina za ku tarar, ga ɗauke wuta ga tsadar data. Ta buga waƙoƙin a takarda, kowace a shafinta da fili mai faɗi a gefe, kofi biyu, ɗaya a jakar hannu. Ta sauke ƙamus a waya wanda ba ya bukatar intanet. Waƙa huɗu ta gama kafin ku tashi, shida a gida, bayan sallar asuba kafin 'yan gaisuwa su fara sallama. Makon biki ki sake ta gaba ɗaya, ta sha lalle ta yi rawa, babu wanda ya taɓa nazarin waƙa ana kiɗan ƙwarya a kansa. Wadda za ta yi wa maƙala ta zaɓe ta da wuri, ta riƙa komawa kanta jefi-jefi, ta rubuta daftarin farko kafin ku baro gida, don wanda ya dawo daga doguwar tafiya kwana uku yake yi bai san dare bai san rana ba. In akwai tsohuwa a gidanku mai waƙar daka ko ta niƙa, ta zauna da ita, ta ɗauka a waya, ta yi mata irin tambayoyin da kike yi mata. A Agusta, ba kafin nan ba, ta shiga shafin AP Central, inda hukumar ke ajiye tambayoyin shekarun baya tare da ainihin amsoshin ɗalibai da bayanin masu dubawa. Ta gwada guda ɗaya da agogo, minti 40, sannan ta karanta amsar da ta sami 6 da wadda ta sami 3.

Akwai halin da zan ce ta fita, kuma ba abin kunya ba ne. In bayan wannan tana ɗauke da wasu darussan AP huɗu ko biyar, ga cike-ciken neman jami'a, ga aikin gida, har barci ya gagare ta, to a rage kaya, lafiyarta ta fi. Amma a yanke wannan bayan ta yi sati uku tana bin hanyar nan, ba cikin kuka ba. In har lokacin abin bai motsa ba, ta rubuta wa malamar da kanta ta faɗi inda ta maƙale, ke kuma ki tambayi makarantar ranar ƙarshe ta sauya darasi, don suna da wa'adi.

Saura maigida. Kada ki ja da shi a gaban yarinyar, kuma kada ki raina maganarsa, mutumin da ke fita kafin asuba yana da ikon tambayar ina amfanin abu. Ki samu lokacin da ya ci ya huta. Da farko ki tabbata kun fahimci juna a kan kalmar, don a bakinmu waƙa ɗaya ce, ta makaɗi da ta malami. Wannan rubutacciya ce, irin fannin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da mata da shi. Sannan ki zo masa ta inda yake ji. Ana ba da sakamakon jarrabawar daga 1 zuwa 5, kuma a jami'o'in gwamnatin Ohayo wanda ya sami 3 ko sama ana lissafa masa shi a matsayin darasin jami'a da ya riga ya ci. Kuɗin zana ta kusan dala 100 ne, akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, shi kuma ya san abin da darasi ɗaya ke ci a jami'a. Likitancin da yake so ma, a Amurka sai an yi digiri na farko an zana jarrabawar shiga makarantar likitanci mai suna MCAT, kuma ɗaya daga cikin sassanta huɗu babu kimiyya a ciki sam: tambayoyi 53 a minti 90, a kan rubuce-rubucen adabi da falsafa da tarihi da makamantansu, ana gwada ko mutum zai iya karanta abin da bai saba ba ya gane inda marubucin ya dosa.

In ya saurara ya ce to, shi ke nan. In ya yi shiru, kada ki ƙara. Ki bari sai ta gama kwana ukunta da waƙar Hayden, ko tana cikin ashirin ɗin ko ba ta ciki. Wata Lahadi in ya dawo ya zauna, ki ce mata ta karanta wa babanta abin da take nazari, ta mayar masa da Hausa yadda take mayar miki, layi bayan layi, har da na fushin gidan. Ke kuma ki tashi ki duba tukunya.